Murjanin da Abba Ya Ba da Ajiya

Masu zagina a ƙasan rubutun da ya wuce, na gani kuma na karɓa. Wata baiwar Allah har da cewa in ji tsoron Allah in daina wasa da hankalin 'ya'yan mutane. 'Yar uwa, ban musa ba. Amma gyara zama ki ji yadda ta kaya min, in ya so ki ƙara zagin da hujja.

Ga waɗanda yau suka fara leƙowa, a gida 'Yar Ruwa ake ce min. Abbana ne ya laƙaba min, don tun ina rarrafe ba a nemana a ko'ina sai gaban akwatin gilashin da ke falonmu. Abba mai yankan gilashi ne, tagogi da madubai da kantocin shaguna, kuma da hannunsa ya haɗa akwatin nan, tsawonsa ya kai doguwar kujera. A ciki yake kiwon murjani. Ba irin na wuya da ake shiryawa a zare ba. Mai rai nake nufi, na ƙarƙashin teku, wanda za ka rantse dutse ne ko fure, alhali halitta ce mai ci, mai fushi, mai mutuwa in ruwa ya ɓaci. Sai an haɗa masa ruwan gishiri, an kunna masa fitila mai shuɗin haske da hita mai ɗumama ruwa, ga famfon da ke kaɗa ruwan ba dare ba rana.

Cikin duk abin da Abba ya tara akwai guda ɗaya da ya fi ji da shi. Mai rassa ne kamar ƙahon barewa, jikinsa shunayya, bakin kowane reshe kore shar. Daga wata ƙasa mai nisa ya samo shi, bayan ya sha bin masu gonar murjani da roƙo, ya sha jiran takardar izini. Sunansa na littafi ba ya faɗuwa a bakin kowa a gidanmu, sai Abba ya raɗa masa Mayafin Umma, wai launin mayafin da ta yafa ke nan ranar da ya fara ganinta. Umma takan taɓe baki ta ce, "Ji mutumin nan, dutse zai sa wa sunana." Amma in ta zo goge falo, a nan take daɗewa.

Da Abba ya rasu gida ya cika da masu gaisuwa. Wani, har yau ban san ko wane ne ba kuma ba na son in sani, ya zare filogin akwatin ya jona cajar wayarsa. Ni ina ɗaki ina ta kuka, ban fito ba sai da na ji falon ya yi wani irin shiru. Ƙarar famfon nan da na tashi da ita a kunnena, babu. Ruwan ya huce ya soma wari, Mayafin Umma ya koma fari fat kamar ƙashi. Cikin duk abin da ke akwatin, kifi biyu ne kaɗai suka tsira. Wallahi ranar ji na yi an sake yi min rasuwar. Tun daga nan Umma ta juya kujerarta, baya take ba akwatin in ta zauna.

To masu kiwon murjani suna da wata ɗabi'a. In kana da wanda kake ƙauna, ba ka barinsa a wuri ɗaya. Sai ka yanki ɗan reshe ka ba wani ya raina a nasa akwatin, ranar da naka ya mutu ka san ƙofar da za ka ƙwanƙwasa. Ajiya suke ce masa. Abba ya ba da ajiyar Mayafin Umma ga wani saurayi da ya taɓa zuwa shagonsa a haɗa masa ƙaramin akwati. Suka shaƙu, daga baya saurayin ya samu aiki a wata gonar murjani a ƙasar waje, ya tafi da reshen. Sama-sama nake tuna shi, dogo ne marar magana, in ya cire takalmi a ƙofar falo sai ya jera su sai ka ce na sayarwa. A wayar Abba na samu lambarsa. Mai Ajiya na rubuta ranar da na adana ta, kuma har yau ban canza ba.

Da na gaya masa rasuwar sai ya kira ni ta bidiyo. Bayan ya yi addu'a ya ce in tsaya, ya juya kyamara. Jama'a, reshen nan da bai fi ɗan yatsa ba ya zama kamar kwandon wanke-wanke. Na kife wayar a cinya na yi kuka na ƙoshi, shi kuma bai kashe ba, ya jira ni.

"Naki ne, ƙanwata," ya ce. "Ki gyara ruwanki, ni zan nemi izinin fitarwa. Ranar da ruwa ya zauna zan yanko miki reshe mai kyau."

Daga nan aka fara. Safiyarsa ita ce hantsina, kullum kafin ya shiga aiki sai wayata ta yi ƙara: "Ƙanwata, yaya ruwa yau?" Da farko gishiri da zafi da haske kawai muke tattaunawa. Ban san lokacin da na soma sanin cewa ɗakinsa yana da sanyi ba, cewa ba ya iya cin abinci shi kaɗai sai ya kunna rediyo, cewa yana yi wa murjani magana in abokan aikinsa sun fita. Shi ma ya san wace ce ke ɓata min rai a wurin aiki, ya san ba na shan shayi sai ya huce. In zai turo hoton Mayafin Umma, hannunsa yakan fito a gefe, ya naɗe riga zuwa gwiwar hannu, ga wani ɗan tabo a wuyan hannun. Ku yafe min, sau da yawa tabon nake ƙara wa girma a waya, ba murjanin ba.

Amma ko sau ɗaya bai taɓa wuce "ƙanwata" ba. Kalmar nan da tana da wuya da tuni na shaƙe ta.

Yanzu ga abin da ake zagina a kai. Ruwana ya zauna tuntuni. Ni fa a ɗakin gwaji na asibiti nake aiki, awo shi ne abincina. Sai dai na zauna na yi tunani: ranar da reshe ya iso, ya ce Allah ya raya, na ce na gode, an gama ke nan. Da wane dalili zai sake tambayata yaya ruwa? Da wane baki zan ce masa ina kwana? Akwai wani hoto da na ɗauka tun farkon gyara, kwalbar gwaji ta yi ja alamar ruwa bai yi ba. Duk lokacin da ya ce in auna in turo, sai in lalubo shi in tura. Ya ce, "Kai, har yanzu? Ki canza kashi ɗaya cikin biyar na ruwan mu gani." In ce to. In kwana da farin cikin na ƙara samun mako guda.

Ranar Asabar da safe ina tsaye a kan kujerar roba, hannuna cikin ruwa har kafaɗa ina kankare gansakuka daga jikin gilashi, sai ga Gwaggo, yayar Abba. Tun daga ƙofa ƙamshin turarenta ya riga ta shigowa. Ta zauna ta ajiye jakarta a cinya, ta bi tsohuwar rigar Abba da nake aiki da ita da kallo.

"Ke 'Yar Ruwa, fito da hannunki daga kogin nan ki zo."

Na sauko ina ɗiga, na durƙusa na gaishe ta.

"Likitan nan me ya yi miki?"

"Ba komai, Gwaggo."

"Kin ga wani aibi a jikinsa?"

"A'a."

"To ba komai, ba aibi, kuma ba amsa. Bawan Allah ya yi ta sintiri har karnukan layin nan sun daina yi wa motarsa haushi."

Likitan Ido take nufi. A asibitinmu yake, hawa na sama. Ya daɗe da nuna yana sona, kuma ta ƙofa ya biyo, bai ɓoye wa kowa ba.

Umma tana ninke kayan wanki, ba ta ɗago ba ta ce, "Ni ban ce dole ba, Abbanta ma da yana nan ba zai ce dole ba. Amma a daina ajiye ɗan mutane a tsaye. In e ce, e. In a'a ce, a sallame shi da mutuncinsa."

"Yayan Likita zai kira ni ƙarshen mako mai zuwa," in ji Gwaggo. "Kada ki sa in yi ta in-ina a waya da girmana."

Na shiga murza gefen riga. Umma ta nuna akwatin da ke bayanta da babban yatsa, ba tare da ta juya ba.

"Ga wannan kuma, ya cinye rabin falo, babu komai ciki sai duwatsu da kifi biyu. Kullum ana jiran abu daga waje. Ke da kike auna jinin mutane, ruwan gishiri ne ya gagare ki?"

Gwaggo ta ƙyalƙyale da dariya. Ni kuwa na sunkuyar da kai, don Umma ba ta cika tambayar abin da ba ta riga ta hango amsarsa ba.

Da yamma Likita ya zo. Na sa doguwar riga ruwan toka mai ƙananan maɓallai a hannu, na shafa hoda sama-sama, ko janbaki ban sa ba don kada ya ɗauka wani abu ne. Shi kuwa tsaf da shi kamar kullum, farar riga an yi mata guga har tana ɗaukar ido. Ya kawo wa Umma sabon tabarau da ya auna mata, ya sa mata da kansa, ya lanƙwasa ƙafar har ta zauna daidai a bayan kunne. Umma ta yi ta sa masa albarka. Da ta shiga ciki ya juyo ya dubi akwatin.

"Na auna bangon falona," ya ce. "Zai shiga, har da sauran wuri. Na sa a ja masa layin wuta nasa shi kaɗai, a rufe soket ɗin da murfi, yadda ba mai zarewa."

Kun ji fa. Da mugu ne da na huta. Na yi masa godiya, ita ma a ciki-ciki.

Daidai nan wayata ta yi ƙara a hannun kujera. Ban taɓa ta ba, wallahi ko juyawa ban yi ba. Amma ya yi ɗan murmushi.

"Kin san aikina kallon ido ne. Duk lokacin da wayar nan ta yi wannan ƙarar, naki sukan canza." Ya miƙe yana gyara agogo. "Ba na gaggauta ki. Ina dai so in san a ina nake tsaye."

Na raka shi har mota, na dawo da gudu kamar wadda aka biyo. Saƙon Mai Ajiya ne.

"Ƙanwata, yaya ruwa? Auna ki turo."

Na lalubo hoton nan nawa na tura. Na ga alamar yana rubutu, ya tsaya, ya sake farawa, ya sake tsayawa. Can sai ga shi:

"Kofin nan mai ɗigo-ɗigo da ke bayan kwalbar, ba shi kika ce min ya fashe ba ranar da kike wanke famfo?"

Na shiga uku ni 'Yar Ruwa! Na ƙara wa hoton girma. Ga kofin nan zaune daram, kofin da na kwashe ɓaraguzansa da hannuna, har na yi masa ƙorafin ya yanke ni. Na jefar da wayar kan gado na rufe fuska da filo. Da ƙasa za ta tsage da na shige na ja ta na rufe.

Ta sake yin ƙara.

"Na daɗe da gane hoton, na yi shiru. Ni ma izini ya daɗe da fitowa ban gaya miki ba. Yanzu ya kusa ƙarewa, in ya ƙare sai an sake sabon nema."

Na rubuta, "Me ya sa ka yi shiru?" Na goge. Na rubuta, "Ka yi haƙuri, Yaya." Na goge. Ina cikin haka nasa ya riga nawa:

"Reshen zai taso farkon mako. Ki rage hasken fitila, ki tanadi roba mai tsabta."

Shi ke nan. Ba dariya, ba faɗa, ba ma ƙanwatar da nake ƙi. Na karanta maganar izinin nan ta fi a ƙirga. Wata zuciyar ta ce, ke, shi ma ja yake yi kamar ke. Wata ta ce, rufa wa kanki asiri, tausayin marainiya ne, ya ga kina neman abokin hira ya ƙyale ki, yanzu kuma ya gaji. Ta biyun na fi yarda da ita, don ita ce ta fi ciwo.

Kwanakin da suka biyo baya hantsi yakan yi ya wuce wayata ba ta ce uffan ba. A wurin aiki in ɗora ta kusa da na'ura, in juya ta, in sake juyo ta, in duba ko data ce ta ƙare. Abokiyar aikina har ta taɓa goshina ta ji ko zazzaɓi ne. Na yi kewarsa, jama'a. Mutumin da rabona da ganinsa ido da ido tun ina 'yar makaranta, na yi kewarsa har abinci ya daina yi min ɗanɗano. Abin da ya turo kawai shi ne lambar kaya da sunan jirgi.

Ranar da kayan za su sauka na rasa motar zuwa filin jirgi, don ba a ɗora murjani a babur, kuma ba a barinsa ya jira. Ina tsaye a bakin ƙofar asibiti ina ta latsa waya sai ga Likita ya fito. Ya tambaya, na faɗa masa. Nan take ya koma ya ba wani abokinsa sauran marasa lafiyarsa, ya zo ya buɗe min ƙofa.

Sashen kaya wani dogon ɗaki ne mai rufin kwano, ga ƙarar motocin ɗaukar kaya, ga warin kwali da man inji. Wani jami'i ya duba takardu, ya dube ni, ya ce, "Dutse kika yi oda daga waje, Hajiya?" Na ce mai rai ne. Ya ce Allah ya ba da lafiya, ban san ko ni ko dutsen yake nufi ba. Aka turo wata farar kula an naɗe ta da salatif, an zana kibiyoyi masu nuna sama a kowane gefe. Rubutun hannunsa ne a kai. Na shafa shi da yatsa kafin in tuna ba ni kaɗai ba ce.

Na sunkuya zan ɗauka, ta ƙi tasowa.

"Kawo," in ji Likita. Ya ɗaga ya ɗan yi nishi. "Kin ce ɗan reshe ne?"

"Ruwa ne ya yi yawa," na ce. Amma ni ma na san reshe ɗaya da ruwansa ba su kai haka ba.

Ya zaunar da kular a kujerar baya ya ɗaura mata bel. Na ce sanyi yana yi masa illa, ya kashe na'urar sanyaya mota. Duk ramin da muka tarar sai ya kusan tsayawa ya lallaɓa, na baya suna ta danna masa hon, ko a jikinsa. Ina kallon gumi yana jiƙa masa farar rigar nan a baya. Kunya ta rufe ni har na kasa haɗa ido da shi a madubi.

A gida na ja labule, na rage fitilar akwatin ta koma shuɗi mai duhu, don murjanin da ya kwana a rufe ba ya son haske ya buge shi farat ɗaya. Umma tana kicin, ta leƙo ta amsa gaisuwar Likita ta koma. Na durƙusa a kan kafet na yanka salatif da reza. Na ɗaga murfi, na cire jaridun da aka cusa a gefe.

Leda ɗaya ce a ciki, ƙatuwa, an ninka ta sau biyu. Na ɗago ta da hannu biyu zuwa haske.

Ba reshe ba ne. Gaba ɗayansa ne.

Launinsa ya dushe saboda wahalar tafiya, ya koma ruwan ƙasa-ƙasa, amma rassan nan duk ga su. Na juya ledar na dubi gindinsa. Abba ba ya manna reshe a kan dutse kamar kowa, ɗan gilashi yake yankawa zagaye kamar kwabo, ya goge bakinsa, ya manna a kai. Ga shi nan, murjanin ya kusa haɗiye shi, gefe ɗaya ne ya rage yana ƙyalli. Na ɗora yatsana a wurin ta bayan leda. Hannun Abba ya taɓa nan.

Ban samu damar kuka ba, aiki yana jira. Na juye shi da ruwansa a roba, na jawo siririyar tiyo irin ta ƙarin ruwa daga akwatin, na ƙulla ta yadda ruwana zai riƙa ɗiga a hankali har ya saba da shi. Tiyon ta ƙi zama a bakin robar.

"Ba ni in riƙe," in ji Likita. Ya naɗe hannun riga ya tsuguna a ɗaya gefen.

Na goge hannuna a jikin rigata na ɗauki waya. Tsoro ne ya fara zuwa, fushi ya biyo shi. Ban yi sallama ba, na rubuta masa:

"Ya iso. Me ka yi haka? Me ka rage a wurinka?"

Ashe yana riƙe da wayar.

"Ban rage komai ba."

"Ka san abin da Abba yake faɗa! Ba a barinsa a wuri ɗaya. In ya mutu a hannuna fa? In wuta ta ɗauke? In wani ya sake zare filogi? Shi ke nan babu shi a duniya!"

"Na sani. Shi ya sa dole ki ba ni ajiya."

Na tsaya ina kallon rubutun. Ruwa yana ɗiga a roba, ɗis, ɗis. Wani saƙon ya shigo, dogo.

"Ba a yanka shi yanzu, sai ya zauna ya huce ya soma sabon tsiro. Zai ɗauki watanni, kuma kullum sai na tambaya yaya ruwa, wannan karon da hoton gaskiya. Ranar da kika ga bakin reshe ya yi sabon kore, ki gaya min. Ba na so a saka min a jirgi. Zan zo in karɓa da hannuna, in gaida Umma, in kuma faɗi abin da na kasa faɗa a waya. In akwai dalilin da zai hana ni zuwa, 'Yar Ruwa, ki gaya min yau, kafin in saba da sa rai."

'Yar Ruwa. Ban taɓa gaya masa sunan nan ba. A bakin Abba ya ji shi, tun yana jera takalmi a ƙofar falonmu, ya riƙe shi duk shekarun nan yana ce min ƙanwata.

Ban san me fuskata ta yi ba. Na dai san da na ɗago, Likita ba robar yake kallo ba. Ya daɗe yana duban idona, irin duban da yake yi wa marar lafiya kafin ya faɗa masa sakamako. Tiyon tana hannunsa, bai sake ta ba.

"Shi ne?" ya tambaya a hankali.

Da zan iya ƙarya da na yi, na saba ai. Amma mutumin da ya yi gumi saboda kayan wani, bai cancanci tsohon hoto ba.

"Shi ne," na ce. "Ka yafe min."

Karon farko ke nan da na faɗa da bakina, ko ni kaina ban taɓa jin yadda take a kunne ba. Ya gyaɗa kai, ya mayar da idonsa kan ɗigon ruwan.

Sai na ji ƙarar kofuna a bayana. Umma ce tsaye da tire, ban san tun yaushe ba. Ta ajiye shi a kan tebur, ta zagayo kujerar nan tata da ta daɗe da juyawa. Ta ciro sabon tabarau daga wuyan rigarta ta sa, ta durƙusa a gaban robar da ƙyar saboda gwiwa. A ƙarƙashin shuɗin hasken, can a bakin wani reshe na gefe, akwai ɗan kore da bai gama dushewa ba. Ta kai yatsa kamar za ta taɓa, ta fasa. Hawaye ya gangaro ta ƙarƙashin gilashin tabarau, ba ta share ba.

"Ji mutumin nan," ta ce, muryarta can ƙasa.

Sannan ta ɗago ta dubi Likita.

"Ɗana, Allah ya saka maka da alheri. Abin da aka yi maka a gidan nan ba a kyauta ba, kuma ni zan je har gida in ba da haƙuri." Ta juyo kaina, idonta jawur. "Wanda ya aiko da wannan, me ya rage wa kansa?"

"Babu komai, Umma."

"Ko reshe?"

"Ko reshe."

Ta miƙo hannu. Na ɗauka so take in tashe ta, na kama. Ta fizge.

"Wayar."

Na ba ta. Saƙonsa yana nan a buɗe, ban ba shi amsa ba. Ta gyara zaman tabarau, ta karanta tun daga sama har ƙasa, leɓenta yana motsi, fuskarta ba ta nuna min komai ba. Ni da na iya karanta kwalbar gwaji daga nesa, na kasa karanta uwata. Ta kai yatsa saman allon inda aka rubuta Mai Ajiya, ta danna kira, ta buɗe lasifika ta ajiye wayar a kan kafet tsakaninmu mu uku.

Ta yi ƙara sau ɗaya, ya ɗauka.

"'Yar Ruwa?" ya ce, numfashinsa a sama.

"Uwarta ce," in ji Umma.